Canjin wurin aiki zuwa Amurka: matarka za ta iya aiki?

Ka ce kamfaninku zai mayar da kai reshensa na Amurka, kana tambaya ko mai ɗakinka za ta samu izinin yin aiki a can. Eh, za ta samu, muddin bizar L-1 aka yi maka, wato ta ma'aikacin da aka ɗauko daga wani reshe. Ita kuma L-2 za a ba ta, wato bizar iyalan mai L-1, kuma tun ƙarshen 2021 ba sai ta jira katin izinin aiki daban ba. In kuwa H-1B aka yi maka, wato bizar ƙwararrun ma'aikata, labari ya sha bamban: H-4 za ta samu, wato bizar iyalan mai H-1B, yawanci sai dai zaman gida har maganar takardar zamanka ta dindindin ta yi nisa.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai. Da kun sauka, ku buɗe takardar shigarta ta I-94 a intanet, ku tabbata an rubuta L-2S, ba L-2 kawai ba. Wannan S ɗin ita masu ɗaukar aiki ke nema. Mu ba mu duba ba, sai ranar da maiɗakina ta je cike takardun fara aiki aka dawo mana da ita, muka yi ta zirga-zirgar gyara. Yara kam karatu kawai, ba su da izinin aiki.