Shafi ya buɗe, wasiƙu sun ɗauke: mu jira ko mu gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da lissafin wata ƙungiyar ƴan kasuwar albasa a nan Tawa. Jiya da safe muka ɗauke shafinmu na intanet daga kamfanin da ke ajiye mana shi, muka kai wani mai rahusa. A salulata shafin yana buɗewa lafiya lau, amma abokin cinikinmu na Abijan ya ce tsohon farashi yake gani. Abin da ya fi damuna, tun lokacin ko wasiƙa ɗaya ba ta shigo akwatin imel ɗinmu ba. Yaron da ya yi mana aikin ya ce rezo ne, mu jira. Mu jira ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Matsala biyu ce kuka ɗaure a buhu ɗaya. Ta farko jira zai yi maganinta. Ta biyu ko shekara kuka yi kuna jira ba za ta motsa ba, kuma duk awar da ta wuce ciniki ne ke tsere muku. Rezo ba shi da laifi a ko ɗaya.

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Kowace uwar garke, wato kwamfutar da ke ajiye shafi ko wasiƙu, tana da adireshin IP, irin 203.0.113.10, kuma tsarin DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a 1983, shi ke juya sunan shafi ya koma wannan lamba. Sai dai sunanku ba layi ɗaya gare shi a rajistar DNS ba. Layin A yana nuna inda shafi yake. Layin MX yana nuna inda wasiƙa za ta sauka. Layin NS kuwa yana faɗin wa ke riƙe da rajistar baki ɗaya.

Maganar mutumin Abijan mai sauƙi ce. Kamfanin da ke ba shi intanet ba ya tambayar adireshinku kowane lokaci. Yana ajiye amsar da ya samu har wa'adin da ake kira TTL ya cika. Da daƙiƙa ake ƙirga shi: 3600 awa ɗaya, 86400 kwana ɗaya. Idan NS aka canza, abin kan kai kwana biyu. Ku shiga whatsmydns.net, ku rubuta sunan shafinku, ku zaɓi A. Zai tambayi garuruwa da dama a faɗin duniya, ya jero muku amsar kowanne. Kada alamar kore ta ɗauke muku hankali, ita cewa kawai take yi an samu amsa. Lambar da ke gefenta za ku duba. In wasu garuruwa na nuna sabuwa wasu tsohuwa, canjin na kan hanya. In har jibi bai daidaita ba, ku gwada sunan da www a gaba, domin layinsa daban ne, kuma shi aka fi mantawa.

Yanzu wasiƙun, inda hankalina ya fi tashi. Abin da nake kyautata zato shi ne yaron ya mayar da NS wajen sabon kamfani ba tare da ya kwafo tsofaffin layuka ba. Sabon kamfani yakan buɗe sabuwar rajista da nasa layukan, ya sa MX ya nuna garkensa, alhali akwatinku yana can tsohon wuri. Kamar mutum ya tashi daga gida ne, ɗan aike ya riƙa kai saƙo ƙofar da ba a san sunansa ba.

Ga yadda za ku tabbatar da idonku, ko a salula. Ku buɗe mxtoolbox.com, ku rubuta sunan da ke bayan alamar @ a adireshinku, ku danna binciken MX. Zai fito da lamba, galibi 10 ko 0, da sunan uwar garke a gefenta. Lambar fifiko ce, ƙarama ake fara gwadawa. Sunan shi ne shaidar: in na sabon kamfani ne, ko kuma babu layin sam, kun kama ɓarawon. Sai a shiga tsohon asusu, ko a nemi tsohon kamfani ya turo layukan MX ɗinsa, a rubuta su harafi da harafi a sabuwar rajista. Suna ake sa wa MX, ba a sa masa lambar IP.

Tun da an buɗe rajistar, a duba layin TXT mai farawa da v=spf1. Shi ke shaida wace uwar garke ce aka yarje wa aika wasiƙa da sunanku, kuma ɗaya tak ake so. Biyu suna ɓata juna. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail ke neman duk mai aiko masa wasiƙa ya kasance da SPF, wato wannan layin, ko DKIM, wato sa hannun na'ura a kan wasiƙa, don haka in layin ya ɓace, naku saƙonnin ma za su iya faɗawa kwandon shara ko a maido su.

Kada ku yi wa yaron faɗa da yawa. Na taɓa zama awa biyu a wani ofishi a Yamai ana ta kashe na'urar wifi ana kunnawa, ana zagin rezo, ashe layi ɗaya ne ya faɗi wajen ƙaura. Amma ku karɓi kalmar sirrin rajistar sunan a hannunsa, ta zauna wajen ƙungiya. Nan gaba kuma, kwana ɗaya ko biyu kafin kowace ƙaura, a rage TTL zuwa 300, a ɗauki hoton dukkan layukan.

Wasiƙun jiya fa? Idan garken da suka tarar bai amsa ba ne kawai, na mai aikowa yakan ci gaba da gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar, to za su iso da kansu bayan gyara. Idan kuwa ya amsa da lamba 550, wato babu mai wannan akwati, an riga an maida su. Ku aika wa kanku gwaji daga Gmail yanzu, ku karanta abin da ya dawo. In kun ga 550, ku kira masu odar Abijan da sauran yau ɗin nan, ku ce su sake turowa da zarar an gyara layin.