Ondansetron ko metoclopramide: wanne ya fi tsayar da aman kemo?

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce tana amai bayan kemo (maganin ciwon daji), kina tambayar wanne ya fi.

A awa 24 na farko ondansetron ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai yana sa ciwon kai da taurin bayan gida. Aman da ke zuwa daga kwana na 2 kuwa ba ya jin sa sosai, musamman bayan maganin kemo mai suna cisplatin. A nan likitoci ke haɗawa da dexamethasone, aprepitant ko olanzapine. Metoclopramide ya fi rauni, yana kuma iya sanƙarar da wuya.

Kada a jira aman ya fara kafin a sha magani. Idan ruwa ma ba ya zama a cikinta, ko zazzaɓi ya kai digiri 38 na Celsius, ku tafi asibiti nan take.