Wai a Indiya iyayen amarya ke biyan ango?

Ɗana, saƙonka ya iso, ƙanwarka ce ta kunna min na saurara. Ka ce kun ji a Indiya iyayen amarya ne ke ba ango kuɗi da mota, kai da abokanka har kuna cewa da a kawo al'adar nan kowa ya huta da lefe, in ba haka ba ka nemi gurbin karatu can ka dawo da mata da guzurinta. Na yi dariya har Hajiya ta leƙo daga tsakar gida tana tambaya ko lafiya. Amma da na kwanta dariyar ta ɗauke, don na san akwatunan nan ne ke hana ka barci.

Abin da kuka ji gaskiya ne, sai dai Indiya ba gari guda ba ce. Mu ma da muna samari muna fita daga silimar Plaza mun ɗauka mun gama sanin Indiyawa: furanni, rawa, sai kuka a tashar jirgin ƙasa. Alhali malamin da ke koya mana lissafi a sakandare Ba'indiye ne mutumin jihar Kerala a kudancin ƙasar, Kirista, baƙar fata kamar mu, Indiyancin fim ɗin ma bai cika jinsa ba, yarensu daban. Ba mu taɓa tambayar kanmu dalili ba.

Sai da na je karatu Aligarh, a arewacin Indiya, a farkon shekarun 1980 idona ya buɗe. Abokin ɗakina Musulmi ne daga Kannur, can gaɓar teku a arewacin Kerala, lokacin ana ce wa garin Cannanore. Da aurensa ya tashi ya rantse sai na je. Muka shiga jirgin ƙasa, muka kwana muka tashi muka sake kwana, ƙura ta ƙare, aka shiga ƙasar kwakwa da ruwa ko'ina. Mutanensu ana ce musu Mappila. Musulunci ya zo musu ta teku, ta hannun Larabawa fataken masoro, tun kafin ya kafu a Delhi.

An ɗaura aure kamar yadda muka sani, waliyyi, shaidu, sadaki daga hannun ango, limami ya yi huɗuba da Larabcin da na ji sarai. Na gyara zama ina jiran a ce a tashi ɗauko amarya. Da dare ya yi sai na ga an yi wa abokina wanka, an shafe shi da turare, an naɗa masa farin zane, samari sun sa shi a tsakiya suna waƙa da tafi. Na tambayi na kusa da ni ina za mu, ya ce za mu kai ango. Wallahi kai shi muka yi, har ƙofar gidan surukansa. A ciki mata sun kewaye amarya suna tafi suna rausaya, ita ko tana zaune an lulluɓe ta da zinare, kunne, wuya, hannu, har ƙugu. An gyara masa ɗaki guda a gidan, gado da labule da komai, nan zai zauna. Uwarsa na gani tana share hawaye a ƙofar gidansu lokacin da muka fito, irin kukan da nake gani wurin iyayen amarya a gida.

Abinci kuwa, bari. Wainar shinkafa mai faɗi, siririya kamar takarda, da miyar kaza da madarar kwakwa, da shinkafar nan tasu mai ƙananan ƙwaya da suke dafawa da nama. Akwai wani abu da suke yi da kwanduwar ƙwai, a zuba ta silili cikin ruwan sukari mai tafasa ta fito kamar taliya. Surukarsa haka ta yi ta ciyar da shi makonni, kullum da sabon girki, kuma a gidan har ya tsufa ango za a riƙa ce masa. Wani dattijo a wurin ya faɗa min gidan sarautar Arakkal na garin nan ta ɗakin uwa ake gadonta, wanda ya fi kowa shekaru shi ke hawa, ko namiji ko mace, kuma mata sun hau sun yi mulki. Daga baya na ji labarin Khasi na jihar Meghalaya a arewa maso gabas, inda 'ya'ya ke ɗaukar sunan dangin uwa, auta mace ce ke gadon gida.

Na dawo hutu na ba kakarmu, Allah ya jiƙanta, wannan labari ina ta zuzuta daɗin da abokina ya samu. Ta bar ni na gama sannan ta ce, "Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Namijin da ke kwana a ɗakin da bai kafa ba, da wane baki zai yi tari da dare?" Ba ta taɓa wuce Zariya ba, amma ta hango abin da ni da na je ban gani ba.

Wancan da kuke sha'awa, na ba ango dukiya, shi ne mai muni. Uba tun ranar da aka ce masa mace aka haifa yake fara tari, wani ya jinginar da gona, wani ya mutu da bashi. In an kai amarya kuma ba a ƙare ba, dangin miji su ce saura babur, saura firji, in ba a kawo ba yarinya ta shiga uku. Gwamnatinsu ta haramta abin tun 1961 zamanin Firaminista Nehru, bai hanu ba. Ko a 2022 alƙaluman hukumarsu sun nuna mata sama da 6,000 ne suka rasa rai a shekarar kan wannan rigima. Ya kai a 1994 aka yi dokar hana likita faɗa wa iyaye ko namiji ne a ciki ko mace, saboda ana zubar da cikin 'ya'ya mata. Mahaifinmu yakan ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Motar da ka ga an ba ango, wani ne ya yi kukanta.

Kuma ku da kuke kukan lefe, wa ke yin kayan ɗaki? Lokacin da na aurar da yayarka, gado da kujeru da jere da gara sun ninka abin da mijinta ya kawo, ban gaya wa kowa ba. Zamaninmu gadon ƙarfe ne da 'yan kwanonin samira, a kai yarinya ta zauna lafiya. Yanzu sai an ɗauki ɗakin a waya an watsa, 'yan ganin ɗaki suna taɓa labule suna ƙiyasta kuɗinsa. Mun kusa kama Indiyawan ba tare da mun je ba, ku samari dai ba ku ne ke biya ba shi ya sa ba ku lura.

Zancen gurbin karatu, in da gaske karatun kake so, ka nema, suna da makarantun likitanci da na kwamfuta masu kyau. Na lefe kuma ka zo ranar Juma'a bayan masallaci da takardar da aka rubuto maka, mu zauna da babarka mu ga abin da za a soke. Wai ma 'yar gidan wa ce? Na tambayi babarka jiya, ta ce ita ba ta san da maganar ba.