Kafin ka sayi manhajar sa ido, wa zai zauna ya duba ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin bankin ba da rance a Kano. Wani dillali ya matsa mana lamba mu sayi manhajar da ke tattara rajistar duk abin da ya shiga ko ya fita ta layin intanet ɗinmu, wai ita za ta nuna idan ana sulalar da bayanan kwastomomi. Kuɗin ya yi nauyi. Mu saya ko mu dakata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ku dakata tukuna. Rautar da ke ofishinku, wato na'urar da ke raba wa kwamfutocinku intanet, ko da ƙirar MikroTik ce, tana iya nuna maka yawan abin da kowace kwamfuta ke turawa waje. Ka yi mako biyu kana dubawa kowace safiya har ka san halin kowacce.

Abin da za ka fi zuba wa ido shi ne fita, ba shiga ba. Kwamfutar kashiya ta saba sauke kaɗan, ta tura kaɗan. Ranar da ka ga ta tura gigabait uku da ƙarfe biyun dare, alhali maigadi kaɗai ke harabar, to akwai magana. Ɓarayi kan tara fayiloli su dunƙule su wuri guda kafin su kwashe, sau da yawa da manhajar kwafar fayiloli ta rclone zuwa Mega, wani rumbun ajiya na intanet. Wasu kuma ba sa ɗiba da yawa, sai su ɓoye bayanan cikin tambayoyin DNS, wato tambayoyin da kwamfuta ke yi don gano adireshin shafin intanet: dubban sunaye dogaye marasa ma'ana, duk zuwa adireshi ɗaya. Haka nan na'urar da ke tuntuɓar wani baƙon waje duk bayan minti biyar cif, kamar agogo. Ɗan Adam ba ya aiki haka.

Tsada ba ta hana ɓarna. A 2013 manhajar FireEye ta yi wa kamfanin Target na Amurka gargaɗi, ba a ɗauki mataki a kan lokaci ba, aka kwashe bayanan katuna kusan miliyan 40. A 2017 ɓarayi sun kwana 76 cikin kwamfutocin Equifax, kamfanin Amurka mai tattara bayanan bashin mutane, saboda takardar shaidar na'urar da ke tantance zirga-zirgar ta ƙare wa'adi tun da daɗewa. Suna sabunta ta suka ga ɓarnar.

Da ni ne kai, manhajojin sa ido na Wazuh da Zeek zan ɗora, duk kyauta ne. Na kuɗi irin su Splunk kuwa, kana ƙara zuba musu rajista kuɗin na ƙara hawa. Kuɗin naku ya tafi ga faifan ajiye rajistar aƙalla wata shida, a wata na'ura daban da ɓarawo ba zai goge ba, da albashin wanda zai riƙa karantawa. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ku awa 72 ku sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, bayan kun gano kutsen da zai iya cutar da mutane, kuma ba rajista ba abin da za ku faɗa musu.

Idan dillalin ya dawo, ka ce ya ba ku wata guda na gwaji, sannan ka tura wani babban fayil waje da tsakar dare ka ga ko manhajar tasa za ta yi ƙara.