Ciwon hanta nau'in B yana da yawa a 'yan lakwal?

Malama, kin tambaya ko ciwon ya yi yawa a yaranmu na firamare nan Damagaram. Akwai shi kam, amma ya ragu tun da aka shigo da allurar penta (rigakafin cututtuka biyar, har da wannan ciwon) a Nijar a 2008, wadda ake yi wa jarirai a sati 6, 10 da 14 da haihuwa. Matsalar yaro zai iya ɗauke da shi shekaru ba alama, yana iya kamuwa daga uwa wajen haihuwa ko askar wanzami ɗaya a kaciya, kuma jarirai in sun kamu kusan 9 cikin 10 yana zame musu na dindindin. Cin tuwo kwano ɗaya baya kawo shi fa. Ki duba karnen rigakafin yaro, wato katin allurarsa, ki kai shi gwajin AgHBs, gwajin jini da ke nuna ko yana ɗauke da ciwon.