Amsa ga mai tambaya kan injin CNC mai canza baki da kansa

Wa'alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai na samu natsuwa, don maganar tana da tsawo. Ka ce kun sayo injin sassaƙa na CNC, wato mai aiki da umarnin kwamfuta, wanda aka taɓa amfani da shi, mai canza baki da kansa, da mazauni 12 a jere a bayan tebur, holda (ƙarfen da ke riƙe baki) samfurin ISO30. Kai da yaronka kuma kun saba da wanda ake kwance baki da sifana, shi ya sa kake tambayar abin da za ku kiyaye don kada wani ya ji ciwo ko a yi asara. Allah ya sanya albarka. Shekara shida ke nan ina kan irinsa a shagonmu na ƙofofi da kabad ɗin kicin, ga abin da na gani.

Abin da nake so ya zauna maka a rai shi ne, wannan injin makaho ne. Abin da ka faɗa masa da abin da sensa ta faɗa masa, iyakar saninsa ke nan. Lokacin da kake canza baki da hannu, idonka na gani, hannunka na jin ko ya ɗauru. Yanzu zai yi wannan aikin cikin 'yan daƙiƙu babu mai duba masa, saboda haka dubawar ta koma kafin a danna maɓalli.

Fara da iska. A cikin sifindil, wato motar da ke juya baki, akwai sanda mai ja da tarin sifirin masu ƙarfi, su ne ke damƙe ɗan kan da ke saman holda. Iskar kwamfuresa ce ke danne sifirin ɗin har bakin sifindil ya buɗe ya saki holda. Yawancin irin waɗannan sifindil, na HSD 'yan Italiya da na China masu kama da su, suna son ƙarfin iska tsakanin bar 6 zuwa 7 a geji, amma ka duba littafin naka. Mu da farko layi ɗaya muka haɗa injin da wurin fesa fenti. Wata rana ana tsaka da feshi, geji ya sauka ƙasa da biyar, injin ya je ya saka holda a mazauninta, bai gama sakinta ba ya ɗaga sama. Ina tsaye na ji ƙas! Yatsun robar da ke riƙe holda sun karye, ita kuma ta faɗo kan tebur, bakin ya gutsure. Allah ya kiyaye sifindil ba ya juyawa a lokacin. Tun daga ranar muka ware wa injin nasa layin, muka kuma sa makunnin da ke tsayar da aiki idan iska ta yi ƙasa. In naka ba shi da shi, sa a saka maka, kuɗinsa bai kai na holda ɗaya ba.

Ruwan cikin iska ma mugu ne. Kowace safiya ka buɗe ƙasan tankin kwamfuresa ka zubar, musamman da damina, za ka yi mamakin abin da zai fito. Ka sa matatar da ke raba ruwa kusa da injin. Iskar nan ce injin ke hurawa cikin ramin sifindil lokacin canji don share ƙura, to idan da ruwa a cikinta, tsatsa yake fesawa a wurin da ya fi ko'ina buƙatar tsabta.

A nan zan ɗan tsaya, don nan ne mutane suka fi sakaci. Jikin holda mai siffar mazurari da ramin da take shiga dole su haɗu lif, babu ko ƙwayar ƙura a tsakani. Mu kuwa garin MDF muke sha wuni guda, ga hunturu da nasa ƙurar. Ɗan ɓarɓashi ɗaya ya isa ya sa holda ta zauna a karkace. Ba za ka gani da ido ba, sai dai ka ji sautin injin ya canza, gefen katako ya fara fitowa da layi-layi. Kullum da safe nakan ɗauki holda ɗaya bayan ɗaya in goge da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit, in juya ta a haske. Idan na ga tabo ja-ja kamar tsatsa a jikin mazurarin, na san tana goga a ciki, sai in cire ta daga aiki. Kada ka shafa gris ko mai a wurin, ƙura yake tarawa. Holdar da ta faɗi ƙasa ta ɗan lanƙwashe ko ta sami ƙwarzane, ajiye ta, ko da sabuwa ce. Asarar holda ɗaya ta fi asarar sifindil sauƙi nesa ba kusa ba. In an tashi aiki kuma kada a bar holda mai zafi ta kwana a ciki, takan maƙale.

Ɗan kan da ake ja ɗin nan iri-iri ne, ko da duk ISO30 aka rubuta. Wani ya fi wani tsawo, wani kafaɗarsa daban. Idan ka sa wanda ba na sifindil ɗinka ba, yana iya kamawa rabi-rabi, kuma wannan ne yake sa holda ta fice ana tsaka da yanka. Sai kolet, wato zoben da ke matse wutsiyar baki a cikin holda: a fara danna ta cikin noti har ta ce ƙyas, sannan a zura baki, wutsiyarsa ta shiga sosai, amma kada a matse a kan kaifin. Ɗaurin a kan benci ake yi, da sifana mai awon ƙarfi, ba a jikin injin ba, ba kuma da bututu a ƙara wa sifana tsawo ba.

Ka yi lissafin nan da kanka. Sifindil mai juyi 24,000 a minti yana zagayawa sau 400 a daƙiƙa ɗaya. Babban bakin share tebur mai faɗin milimita 80, ko a juyi 18,000 ne, gefensa na gudun kusan mita 75 a daƙiƙa. Shi ya sa ake rubuta iyakar gudun manyan bakuna a jikinsu. Haɗarin canji da kansa a nan yake: kowane baki da lambarsa, kowace lamba da gudunta da tsawonta a cikin aikin. Idan babban baki ya zauna a mazaunin ƙarami, injin zai ɗauke shi ya ba shi gudun ƙaramin, ya kuma nutsa shi da tsawon da ba nasa ba. Ni na rubuta lamba a jikin kowace holda da kuma kan kowane mazauni, sannan duk bakin da aka canza ko aka sake ɗaurewa sai an sake auna tsawonsa kafin G43, wato umarnin da ke sa injin ya yi la'akari da tsawon baki, ya yi aiki da shi.

Ɗauke wuta ne ya koya min wannan da kyau. Wuta ta tafi injin yana tsakiyar canji, aka tayar da janareta, aka kunna. Allon ya nuna baki na 3 ne a sama, alhali na 7 ne a ciki. Da aka ba shi M6, wato umarnin canza baki, sai ya nufi mazauni na 3, wanda akwai holda a zaune, ya danna wata a kanta. Jeren gaba ɗaya ya goce, kwana biyu muna saiti. Yanzu duk lokacin da wuta ta ɗauke, sai injin ya koma gida, wato mafarin awonsa, ta kowane ɓangare, in leƙa da idona abin da ke cikin sifindil, in gwada da lambar da ke allo, in ƙirga mazaunan da babu kowa. In holda 12 ɗin duk suna kan injin, dole ya zama guda ɗaya ne, kuma na bakin da ke sama.

Maganar jiki kuma. Da zarar aikin ya kai M6, gadar injin, wato ƙarfen da ke ɗauke da sifindil, za ta zabura zuwa baya da cikakken gudu, ba ta sallama. Mun ja layin fenti a ƙasa kewaye da wajen mazaunan, babu mai tsallakawa sai injin ya tsaya. Jallabiya, hannun riga mai faɗi, carbi a wuya, safar hannu kusa da abin da ke juyawa, duk a'a. Tabarau da abin toshe kunne da takunkumi kuwa dole. Idan za ka cire holda da maɓallin saki na jikin sifindil, tabbatar ya tsaya cik, ka riƙe ta ta wuya nesa da kaifi, sannan ka danna, don tana da nauyi kuma nan take take faɗowa. In gyara za a yi a wajen mazaunan, kashe wuta, rufe iska, ka kuma fitar da wadda ta rage a layi, domin silinda na iya motsawa ko babu wuta. Sensocin da ke shaida cewa holda ta kamu, bakin sifindil ya buɗe, ko sifindil ya tsaya, in ɗaya ta fara damunku da ƙara, gyara ta za a yi. Na taɓa ganin inda aka haɗe wayarta don ta yi shiru, gabana ya faɗi. Tunda na hannu kuka saya, sa mai gyara ya tabbatar ba a yi wa naku haka ba.

Makon farko, ku rage gudun tafiya zuwa kashi 10 ko 20, babu katako a tebur, ku bi mazaunan 12 ɗin ɗaya bayan ɗaya, hannu a kan jan maɓallin tsayawa. Ku lura ko murfin ƙura yana ɗagawa kafin canji, ko akwai abin matse katako ko tarkace a hanyar da baki mafi tsawo zai bi. Yaronka kada ka bar shi shi kaɗai sai ya yi aƙalla wata guda a gefenka, kuma ka faɗa masa ƙarara cewa ba za a yi masa faɗa ba idan ya tsayar da injin don wani sauti bai yi masa ba, ko da katakon ya lalace.

Kafin ka sayi ƙarin holda, turo mana hoton farantin da ke jikin sifindil da na ɗan kan holdar da ta zo da injin, in duba maka irin wanda ya dace.