Ko ruwan khal yana rage ƙarfin lemon ƙara kuzari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da kayan sanyi a Agege, kuma wasu masu sayen lemon ƙara kuzari suna cewa idan aka ɗiga masa ruwan khal ƙarfinsa yana raguwa. Ɗana da ke sakandare ya tsoma shuɗiyar takardar litimos a cikin khal, ya tsoma wata a cikin lemon, duka biyun suka koma ja, da ya haɗa su kuma takardar ba ta sauya daga jan ba. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gwajin da yaronki ya yi ya riga ya warware rabin tambayar, domin takardar litimos tana komawa ja ne idan ta taɓa asid, kuma abubuwan nan biyu duk asid ne. Ruwan khal na girki yana ɗauke da asid ɗin asetik, yawanci kashi 5 cikin 100, shi kuwa lemon ana zuba masa asid ɗin sitirik, irin wanda ke cikin lemon tsami, sai dai yawan sukari yana ɓoye tsaminsa daga harshe.

Masana suna auna wannan da ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, inda tsabtataccen ruwa ke tsakiya a kan 7, kuma duk abin da ya gaza 7 asid ne. Khal yana tsakanin 2 da 3, yawancin lemukan ƙara kuzari kuma suna kusa da 3. Saboda haka asid ba ya kashe asid ɗan'uwansa; abin da ke kashe shi sai kishiyarsa, dangin kanwa, shi ya sa ake jefa kanwa a miyar yakuwa don a karya tsaminta. Idan an ga kumfa lokacin haɗawar, iskar gas ɗin da aka ɗura wa lemon ce take fita. Ƙarfin da mutane ke ji kuwa daga sukari da sinadarin kafeyin, irin wanda ke cikin kofi, yake, misali gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana da miligiram 80 na kafeyin, kuma khal ba ya rage ko ɗaya daga cikinsu.

Ina so yaron ya gane cewa litimos tana shaida akwai asid ne kawai, ba ta faɗin yawansa. Zai iya faɗaɗa gwajin da zoɓon da ake samu a kasuwar Mile 12: ya jiƙa shi, ya tsarma ruwan sosai, ya raba a kofuna uku. Wanda aka sa wa khal da wanda aka sa wa lemon za su zauna a kan jansu, amma wanda aka sa wa ruwan kanwa zai rikiɗe ya yi duhu, ya karkata zuwa kore, idan kuma aka bi shi da khal jan zai dawo.

Abin da ya fi damuna shi ne haƙoran masu wannan ɗabi'a, domin ɓawon haƙori yana fara zaizayewa da zarar pH na baki ya sauka ƙasa da 5.5, kuma abin da ya zaizaye ba ya sake tsirowa. Ki shawarci abokan cinikinki su daina ƙara khal, su kurkure baki da ruwa bayan sun sha lemon, sannan su jinkirta goge haƙora na ɗan lokaci, domin buroshi yana ƙara cin haƙorin da asid ya tausasa.